Yadda Na Bar Sashen Akanta Na Koma Kimiyyar Laburare, da Abin da Na Tarar a Kowane Ofis

Tun da na kama aiki a ɗakin karatu, da wuya zangon karatu ya wuce ba tare da wani ɗalibi ya tsaya a gaban teburina bayan ya mayar da littafin da ya ara, ya sassauta murya ya ce yana da tambaya ba. Tambayar kusan iri ɗaya ce kullum. Yana karanta wani fanni da bai kwanta masa a rai ba, shi kuwa tun yana yaro ba shi da abin so kamar littafi, ko zai yiwu ya sauya, kuma ta ina ake farawa? Ni ma na taɓa yin wannan tambaya, ban kuwa sami wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani tun daga tushe ba, sai da na sha zirga-zirga tsakanin ofisoshi kafin na gane bakin zaren. Ƙa'idoji suna bambanta daga wannan jami'a zuwa waccan, saboda haka abin da zan faɗa shi ne abin da ya faru da ni, amma matakan da na bi suna kama da waɗanda mafi yawan masu sauya kwas ke bi.

Makarantarmu ta firamare ba ta da ɗakin karatu, kabad guda ce ta katako a ofishin malamai, mai kanta huɗu, makullinta yana hannun malamin ajinmu. Sau ɗaya a mako yake buɗe ta. Kafin in kai shekara goma sha ɗaya na karance duk abin da ke cikinta, har da wani tsohon littafin taswira da bangonsa ya cire, na kuma koma na maimaita wasu. Da malamin ya gaji da nacina sai ya miƙa mini makullin ya ce in riƙa ba yara aro da kaina, amma duk littafin da ya ɓata ni zai tambaya. Tsoron wannan magana ya sa na samo littafin rubutu na ja layi huɗu da rula: sunan mai aro, sunan littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Daga baya na ware littattafan labarai a kanta ta sama, na lissafi da kimiyya a ta biyu, waɗanda suka yage kuma na tara su a ƙasa ina liƙe su da gam ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Da wani ya tambaye ni abin da nake so, da na ce karatu, ba zan taɓa ambaton littafin rubutun nan mai layi huɗu ba, alhali shi ne ya fi nuna inda zuciyata ta karkata.

A sakandare lissafi ya zo mini da sauƙi, kuma a gidanmu an ɗauka cewa yaron da ya iya lissafi akanta zai zama. Ban yi musu ba, domin ban ma san ana zuwa jami'a a karanci aikin ɗakin karatu ba. Na sami gurbi a sashen akanta, na yi shekarar farko, na ci dukkan darussana ba tare da wani abin a zo a gani ba. Sai dai duk sa'ar da ba ni da lacca a babban ɗakin karatun jami'a nake ƙare ta, kuma na lura ba karatu kaɗai ke kai ni can ba. Ina tsayawa ina kallon lambobin da aka liƙa a jikin littattafai ina ƙoƙarin gano dalilin da ya sa wannan ya zauna kusa da wancan. Wani ma'aikaci da ya saba ganina ne ya fara gaya mini cewa akwai sashe guda a jami'ar da ake koyar da wannan, sunansa kimiyyar laburare da bayanai. A daren nan ban yi barcin kirki ba.

Kuskurena na farko shi ne gaggawa. Washegari na rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga magatakardar jami'a, shafi biyu cike da labarin yadda nake son littattafai, na kai ofishinsa da kaina. Sakatariyar ta karanta layi biyu ta mayar mini, ta ce ba a sauya kwas da wasiƙa, fom ake cikawa, kuma ba a buɗe sayar da fom ɗin sai an fitar da sakamakon zango na biyu. Ta ce in fara zuwa wurin malamin da ke ba ɗaliban ajinmu shawara. Shi ne ya lissafa mini sharuɗɗa uku da babu wanda ya taɓa faɗa mini: dole jimillar makina ta kai wani mizani da jami'a ta gindaya, dole takardar sakamakona ta sakandare ta ƙunshi darussan da sabon sashen ke buƙata tun wajen shiga, kuma dole sashen ya kasance yana da gurbi. Ya ƙara da cewa kada in kuskura in yi sakaci da jarrabawar akanta don na ƙudurta barin sashen, domin da makin nan ne za a auna ni. Wannan shawara ta cece ni, don har na fara sakin jiki da darasi ɗaya. Na koma na dage, na rubuta jarrabawa, sannan na zauna jiran sakamako na kusan wata biyu.

A cikin wannan jira ne na fuskanci mahaifina, kuma wannan mataki ya fi kowane ofis nauyi a gare ni. Na bari sai da ya natsu bayan ya dawo daga aiki, na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa na ce, "Baba, akwai maganar da nake so in nemi izininka a kanta." Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya ce, "To, wanda ya karanci wannan, wa ke ɗaukarsa aiki?" Ba ni da amsa, sai na fara ba shi labarin yadda nake jin daɗi idan ina cikin littattafai. Ya ce jin daɗi ba ya biyan kuɗin makaranta, in je in nemo amsar tambayarsa in dawo. A lokacin na ji zafin maganar, yanzu kuwa ina ganin ita ce tambaya mafi amfani da aka yi mini a duk tafiyar. Na shafe kwana goma ina tambayar ma'aikatan ɗakin karatu, na dawo masa da jeri a rubuce: jami'o'i da kwalejoji, ɗakunan karatu na jama'a, makarantu, ma'ajiyar tarihi, kotuna da majalisu, asibitocin koyarwa, cibiyoyin bincike, kafofin yaɗa labarai, da kamfanonin da ke da tarin takardun da suke buƙatar mai tsara su. Ya duba takardar ya daɗe, ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma ka sani ba za a sake sauyawa ba."

Da aka buɗe sayar da fom, an ba da mako biyu ne kacal, kuma sanarwar a allon ofishin harkokin karatu kawai aka liƙa ta, ba don ina leƙawa kullum ba da ta wuce ni. Na biya kuɗin a banki, na kai shaidar biya ofishin kuɗi na jami'a aka ba ni rasit bayan na yi layin kusan awa uku, sannan na kai rasit ɗin ofishin harkokin karatu aka ba ni fom. Kuɗin fom ɗin ba shi da yawa, kuma ba a mayar da shi ko an ƙi amincewa. An buƙaci in haɗa shi da kwafin takardar samun gurbina ta farko, sakamakon sakandare, sakamakon zanguna biyu da jami'in jarrabawa ya sa wa hannu da hatimi, shaidar biyan kuɗin makaranta, da hotuna huɗu. A bayan fom ɗin akwai gurabe huɗu na sa hannu, kuma a jere ake bin su: shugaban sashen da zan bari, shugaban sashen da zan koma, sannan shugabannin tsangayoyin biyu. Ban san da wannan jeri ba, na fara kai wa sabon sashe, aka ce ba za su taɓa shi ba sai wanda yake riƙe da ni ya sake ni. Shugaban sashen akanta ya riƙe fom ɗin kwana huɗu, ya kira ni ya ce yawanci waɗanda suka kasa ne ke guduwa, ni da ban faɗi ko darasi ɗaya ba me ya kore ni? Na ce, "Ranka ya daɗe, ba korata aka yi ba, wani wurin ne ya kira ni." Ya girgiza kai ya sa hannu.

Shugaban sashen laburare dattijo ne mai magana a hankali. Ya tambaye ni dalilina, na ba shi amsar da na tabbata za ta burge shi, na ce tun ina yaro nake son karatu. Ya ajiye biro ya ce, "Ɗana, son hawan doki daban, kiwon doki daban. Duk wanda ya shigo ofishin nan haka yake ce mini, rabinsu kuma suna zaton za a biya su albashi ne su zauna suna karanta labarai." Ya ce ba zai sa hannu ba sai na je sashen tsara littattafai na babban ɗakin karatu na yi kwana biyar ina kallon aikin, ya kuwa rubuta 'yar takarda ya ba ni in kai. Wa'adin mayar da fom saura kwana takwas, hankalina ya tashi, amma babu yadda na iya. A kwanakin nan biyar ban ga ma'aikaci ko ɗaya ya karanta littafi ya wuce shafin suna, shafin bayanan bugu, jerin abin da ke ciki da ɗan gabatarwa ba. Na ga ana buga hatimi, ana rubuta lambar shigowa a babban rajista, ana gardama a kan ko wani littafi na tattalin arziki ne ko na tarihi. Abin mamaki, gardamar nan ce ta fi ɗaukar hankalina. Da na koma, ya tambaye ni abin da na gani, sai kawai na sami kaina ina ba shi labarin kabad ɗin firamare da littafin rubutu mai layi huɗu. Ya yi murmushi ya ce da wannan na fara tun ranar farko da ban yi kwana biyar ba, ya ja fom ɗin ya sa hannu.

Sa hannun shugabannin tsangaya bai ɗauki lokaci ba, na miƙa fom saura kwana ɗaya a rufe, na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara. Takardun sai sun je gaban wani kwamiti da ba ya zama sai an tara su da yawa, daga nan a kai wa majalisar jami'a ta amince. Aka koma sabon zango babu labari. Na rasa inda zan sa kaina, domin a takarda har yanzu ɗalibin akanta ne ni, a zuciya kuwa na riga na tafi. Malamin da ke ba mu shawara ya ce in ci gaba da shiga laccocin akanta don kada in tashi a tutar babu idan aka ƙi, in kuma riƙa leƙa na laburare idan lokaci bai ci karo ba. Haka na yi mako biyar ina raba ƙafa. Da jerin sunayen waɗanda aka amince wa ya fito, babu sunana, babu shi kuma a cikin waɗanda aka ƙi. Na je ofis aka duba aka ce ba a ga fayil ɗina ba, wataƙila ban miƙa ba. Abin da ya fitar da ni shi ne wata ɗabi'a da na ɗauko tun daga kabad ɗin nan: na yi kwafin fom ɗin bayan kowane sa hannu, kuma ranar da na miƙa na roƙi magatakardan da ya karɓa ya buga mini hatimi da kwanan wata a kan kwafina. Da na shimfiɗa waɗannan a kan tebur magana ta canza, aka shiga nema, bayan kwana uku aka gano fayil ɗin a cikin na wata tsangaya. Sai da na ƙara mako biyu kafin takardar amincewa ta fito, jimilla mako bakwai da 'yan kwanaki ke nan da komawa makaranta.

Takardar ta zo da sharaɗin da ban shirya masa ba. An karɓi darussan gama-gari da na ci, amma tunda ban yi ko ɗaya daga cikin darussan tushe na sabon sashe ba, dole in koma aji ɗaya. Ainihin kuɗin sauya kwas ke nan: shekara guda ta kuɗin makaranta da masauki da abin kashewa, ga kuma ganin abokan shigarka sun riga ka fita. Ban gaya wa mahaifina da baki ba, takardar na miƙa masa, ya karanta ya ninke ta ya ce an riga an fara, sai a ƙarasa. Bayan wannan akwai 'yan ƙananan wahalhalu, kamar shafin rajista na intanet da ya ci gaba da nuna ni a tsohon sashe har sai da na kai kwafin takardar amincewa ofishin kwamfuta, da sabon katin shaida, da ɗauko fayil ɗina daga tsohon sashe zuwa sabo, wanda da ƙafata na raka masinja don kada tarihi ya maimaita kansa.

Karatun kansa ya bambanta da abin da na zata, ya fi kusa da lissafi da doka fiye da adabi. A nan na san cewa lambobin da nake kallo tsarin Melvil Dewey ne, wani Ba'amurke da ya fara wallafa shi a 1876 a ɗan ƙaramin littafi mai shafi 44, ya raba ilimi gida goma daga 000 zuwa 900, kowane gida ya sake rabuwa goma, har bugu na 23 da ya fito a 2011 ya kai mujalladi huɗu. Ranar da na gano cewa akanta tana zaune a 657, kimiyyar laburare kuma a 020, na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe duk wahalar nan daga wannan kanta zuwa waccan ce. Mun koyi cewa tsarin yana ɗauke da ra'ayin zamanin mai shi, domin a gidan addini na 200 Kiristanci ya mamaye daga 220 zuwa 280, Musulunci kuwa aka ba shi 297, sauran addinai suka cunkushe tare da shi a rukunin 290. Mun koyi tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda ke amfani da haruffa, manyan jami'o'i da yawa kuma suka fi son sa. Mun koyi MARC, hanyar shigar da bayanan littafi yadda kwamfuta za ta gane, wadda Henriette Avram ta jagoranci ƙirƙirarta a shekarun 1960, inda sunan littafi ke shiga fili na 245, marubuci na 100, lambar ISBN, wato lambar shaida da ake ba kowane bugu na littafi, kuma na 020, lambar da ta koma mai alƙaluma 13 daga farkon 2007 bayan ta daɗe tana da 10. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Ranganathan, malamin lissafi ɗan Indiya da aka naɗa shugaban laburaren Jami'ar Madras a 1924 ba tare da ya taɓa koyon aikin ba, ya je Landan ya koyo, ya fitar da dokokinsa biyar na kimiyyar laburare a 1931. Ta farko tana cewa an yi littattafai ne don a yi amfani da su, ta huɗu kuma tana umartar ma'aikaci ya tattala lokacin mai karatu. Babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da ta yi maganar jin daɗin ma'aikacin.

A shekara ta uku aka tura mu koyon aiki na wata shida. Sashe ya ba ni takardar gabatarwa da littafin rubuta ayyukan yau da kullum, amma neman wurin a wuyana yake. Wurare biyu sun ce sun cika, na uku, wani ɗakin karatu na jama'a, ya karɓe ni bayan mako biyu, ba tare da alawus ba, kuɗin mota daga aljihuna. Wadda aka haɗa ni da ita ta shekara fiye da ashirin a aikin. Wata na farko ban yi komai ba sai mayar da littattafai kanta da bin su ɗaya bayan ɗaya ina duba ko kowanne yana mazauninsa. Na gaji na ce, "Malama, yaushe zan fara ainihin aikin?" Ta zaro wani littafin kiwon dabbobi mai lamba 636 da wani ya cusa a cikin 363, ta ce, "Ƙanena, wannan littafin yana cikin ginin nan, amma ga wanda ya zo nemansa daidai yake da an sace shi. Wane aiki ne ya fi wannan zama ainihi?" Daga baya ta koya mini shigar da littattafai a Koha, manhajar kyauta da aka fara ƙirƙira a New Zealand a 1999. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne makon da aka ware don cire littattafan da suka tsufa. Ta sa na cika kwali shida da littattafan likitanci da na kwamfuta da zamani ya wuce su, da waɗanda gara ta cinye. Ni da na taso ina liƙe yagaggun shafuka da gam, hannuna har rawa yake. Ta lura, ta ce tsohon littafin magani da ke ba da bayanin da aka daina aiki da shi cutarwa yake yi, wanda kuma ba zai iya rabuwa da littafi ba ma'aji ne, bai zama ma'aikacin laburare ba tukuna. Sau ɗaya malami ya zo daga jami'a ya duba ni, ya kuma ƙi sa hannu a makonni biyu da na bari ban cike ba, sai da na bi shi ofis daga baya.

Kundin kammala karatuna a kan karatun nishaɗi tsakanin 'yan sakandare na yi shi, kuma sau biyu mai duba aikina yana mayar mini da take yana cewa ya yi faɗi. A wajen wannan aiki na ci karo da binciken Mark Taylor na Jami'ar Oxford, wanda aka bayyana a 2011, a kan mutanen da aka haifa a Birtaniya a 1970. Ya gano cewa a cikin abubuwan da matasa ke yi a wajen makaranta suna da shekara 16, karanta littattafai ne ya nuna alaƙa da samun aikin ƙwararru ko na shugabanci a shekara 33. Na so in rubuta cewa karatu ne ya jawo hakan, mai duba aikin ya ja jan layi a ƙarƙashin jimlar, ya ce alaƙa daban, sanadi daban. Ya kuma nuna mini wani abu da na tsallake, cewa binciken bai ce masu karatun sun zama marubuta ko ma'aikatan laburare ba, sun bazu ne a ayyuka iri-iri.

Bayan jarrabawar ƙarshe sai zagayen wanke kai, ofis bakwai, kowanne da hatiminsa, har da ɗakin karatu, inda aka ci ni tarar wani littafi da na riƙe ya wuce wa'adi, abin da har yau abokan aikina ba su daina yi mini tsiya a kansa ba. Cikakkiyar takardar sakamakona ta maƙale wata biyu saboda makin shekarar akanta yana tsohon sashe, sai da na sake fito da kwafin takardar amincewar nan aka haɗa su. Daga nan na yi rajista da hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, na kai kwafin shaidar digiri, na biya kuɗin rajista da na shekara. Neman aiki ya ɗauke ni wata goma sha ɗaya, na aika takarda wurare tara, biyu suka kira ni. A ganawar da na yi nasara mutum biyar ne a kan tebur. Ba wanda ya tambaye ni littafin da na fi so. Sun miƙo mini littafi suka ba ni minti goma in fitar masa da lamba da kanun maudu'i, sannan suka tambaye ni yadda zan raba kasafin sayen littattafai tsakanin sassa idan aka rage shi da kashi ɗaya cikin huɗu. A nan shekarar da nake kira asara ta yi mini rana, domin na yi bayanin kamar ɗan akanta, kuma daga baya shugabar wurin ta gaya mini cewa amsar nan ce ta raba ni da sauran. Takardar kama aiki ta zo bayan mako shida, sai gwajin lafiya, da tantance takardu na asali, da shekara biyu na gwaji kafin a tabbatar da ni.

Ga wanda yake tsaye inda na taɓa tsayawa, abin da nake fara tambayarsa shi ne me yake yi da littafi bayan ya gama karanta shi. Wani yana rufewa sai ya ji yana son ya rubuta nasa, wani sai ya nemi wanda zai ba labarin, wani kurakuran da ke ciki yake gani, wani kuma gardama yake yi da marubucin a ransa. Na farko yana iya dacewa da rubutu ko aikin jarida, na biyu da koyarwa, na uku da aikin edita ko fassara, na huɗu da shari'a ko bincike. Ni mai jerawa ne da ba da aro, kuma na yi shekara goma ban gane ba saboda kalmar "son karatu" ta rufe mini ido. Wanda kuma karatu hutunsa ne kawai, babu laifi ya zauna a fanninsa ya ci gaba da karatunsa da dare, domin ni kaina yanzu a gida nake karatu kamar kowa, kuma ba na yin rabin wanda nake yi ina ɗalibi.

Idan kuwa ya tabbata sauyawa zai yi, to ya je ya zauna kwanaki a wurin da ake aikin kafin ya sayi fom, kada ya jira sai an tura shi kamar yadda aka tura ni. Ya tambayi ranar buɗe fom da ranar rufewa tun zangon farko, ya san jerin sa hannu, ya tambaya a fili ko za a mayar da shi baya, don ya shigar da kuɗin shekarar cikin maganar da zai yi da wanda ke ɗaukar nauyinsa tun ranar farko. Ni ban yi haka ba, kuma har yau ina jin nauyin yadda mahaifina ya sami labarin a takarda. Kada ya saki darussan tsohon sashe sai takardar amincewa ta shiga hannunsa. Kowace takarda ya yi kwafinta, kowace miƙawa ya nemi hatimi da kwanan wata, ya adana su har bayan ya kama aiki. Kwafin takardar amincewata sau huɗu aka nemi in fito da shi, na ƙarshe a ranar tantance takardun kama aiki, lokacin da jami'in ya ga takardar samun gurbina tana cewa akanta, shaidar digirina kuma tana cewa kimiyyar laburare, ya ɗago kai ya ce in yi masa bayani.